Wanda ya tsere wa hukuma, wane suna ya dace da shi?

Ɗalibin Fassara:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malamai, ina neman ƙarin haske. Idan ina karanta labaran kotu da na 'yan sanda a jaridun Turanci, sai in ga kalmomi barkatai a kan mutumin da ya gudu don kada a kama shi ko a hukunta shi. Yau a ce fugitive, gobe absconder, jibi escapee, wani wurin kuma deserter ko runaway. Mu kuma da mun zo juyawa zuwa Hausa sai mu ce "wanda ya tsere" mu wuce. Shin duk abu ɗaya suke nufi, ko kowace da mazauninta? Abin da ya fi damuna, na sha jin ana kiran tsohon jami'in da ake zargi da kwashe kuɗin gwamnati ya haye jirgi "ɗan gudun hijira". Raina bai kwanta da wannan ba.

Malam Ticha:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba abu ɗaya suke nufi ba. Duk sanda ka ci karo da ɗaya daga cikinsu, duba abu biyu: daga hannun wa mutumin ya gudu, kuma a wane mataki maganarsa take lokacin da ya gudun.

Fugitive ita ce uwa. Mutum ne da hukuma ke nema, ya kuma san ana nemansa, sai ya ɓuya ko ya bar gari ko ya tsallaka iyaka. Ba sai kotu ta same shi da laifi ba, tuhuma kaɗai ta isa a kira shi haka. Absconder wanda ya sulale ne a asirce ya bar wani nauyi rataye a wuyansa, kamar wanda aka ba beli ya ƙi komawa kotu, ko ma'ajin ƙungiya da aka wayi gari babu shi babu kuɗin. Escapee kuwa sai wanda ya riga ya shiga hannu sannan ya kuɓuce. Fursunoni sama da 800 da suka fice daga gidan yarin Kuje daren 5 ga Yuli, 2022, lokacin da mayaƙan ISWAP suka fasa shi, su ake ce wa haka. Deserter ta soja ce. Runaway ba ta ɗauke da tuhuma, yaron da ya gudu daga gida ko daga makarantar kwana shi ne runaway, a da kuma har da bawan da ya gudu wa ubangidansa.

Za ka kuma riƙa ganin at large ko on the run, ma'ana har yanzu bai shiga hannu ba, da wanted, wato hukuma ta yi shelar tana nemansa.

'Yar Jarida:
Malam ya gama magana. Mu a wurin aiki ga yadda muke yi: wanda hukuma ke nema ruwa a jallo, wanda ya tsallake beli, fursunan da ya tsere daga gidan yari, sojan da ya gudu daga bakin daga. Hausa ba ta rasa kalma ba, mu ne muke gaggawa. Amma ina ba ka shawara ka guji "ya cika wandonsa da iska" da "ya ranta a na kare" a labarin kotu. Daɗin faɗa gare su, sai dai akwai ba'a a ciki, kuma mutumin da kake magana a kansa yana da uwa da 'ya'ya da ke sauraron rediyo.

Barista:
Bari in ba ku misali da mutum ɗaya da sunansa ya yi ta sauyawa a idon doka, wato Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran harkar fansho. A watan Oktoba 2019 EFCC ta gurfanar da shi gaban Mai Shari'a Okon Abang a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. A lokacin, wanda ake tuhuma ne kawai. Aka ba shi beli, Sanata Ali Ndume ya tsaya masa a kan naira miliyan 500, ya ajiye takardun gidansa na Asokoro. Daga ƙarshen Satumba 2020 Maina ya daina zuwa kotu, nan ya zama absconder. Da kotu ta soke belin ta ba da umarnin a kama shi duk inda aka gan shi, shi kuma ya tsallaka iyaka, sai ya zama cikakken fugitive.

Ranar 23 ga Nuwamba, 2020, alƙali ya tura Ndume gidan yarin Kuje saboda ya kasa kawo mutumin da ya tsaya wa, sai da ya yi 'yan kwanaki a can kafin a ba shi beli. Ranar 30 ga watan aka kama Maina a Yamai, ranar 3 ga Disamba aka taso ƙeyarsa zuwa Abuja. Ranar 8 ga Nuwamba, 2021, kotu ta same shi da laifin halasta kuɗin haram ta ɗaure shi shekara 8. Daga wannan ranar ce mai labari ke da damar kiransa mai laifi. Kafin nan, sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, ko da kuwa ya gudu.

Maman Iman:
Barista ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Wallahi mutane ba su san nauyin tsaya wa mutum ba. Maigidana ya tsaya wa ɗan maƙwabcinmu da aka zarga da karɓar wayar sata. Uwar yaron ta shigo gidanmu tana kuka, ta durƙusa a tsakar gida, ka san zuciyar namiji in an haɗa shi da Allah. Ya ɗauki hotunansa, ya karɓo takarda wurin mai unguwa, ya haɗa da takardar filinmu ya kai. Ranar da za a koma zama, yaro ya ce zai je ya canza riga ya same su a kotu. Magatakarda ya kira sunansa, shiru. Ya sake kira, shiru. Alƙali ya ɗago kai ya ce ina wanda ya tsaya masa? Maigidana ya ce lokacin da ya miƙe ji ya yi gwiwoyinsa sun ƙi ɗaukarsa. Aka ba shi wa'adi ya nemo shi. Babu tashar da bai leƙa ba, shagonsa a rufe, abinci ba ya shiga. Da ƙyar kawun yaron ya gano shi a wani ƙauye ya kamo hannunsa ya kawo shi. Wanda ya gudu shi kaɗai ya san inda yake, amma waɗanda ya bari su ke kwana ido biyu.

Barista:
Allah ya saka masa da alheri Hajiya, kuma Allah ya kiyaye gaba. Abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe: mai tsayawa shi ya sa hannu da kansa, don haka kotu na da hurumi a kansa. Amma ɗan uwan da bai sa hannu a komai ba, babu mai ikon kama shi a madadin wanda ya gudu. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya haramta kama wani a maimakon wanda ake zargi. Idan aka zo aka tafi da uwa ko mata ko ƙane wai sai ɗansu ya fito, wannan saɓa doka ne, a nemi lauya ko a kai ƙorafi.

Ɗan Kwari:
Ni fa duk wannan rarrabewar ban ga amfaninta ba. Wanda ya gudu ya san abin da ya taka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In kana da gaskiya me zai sa ka gudu? Ka tsaya kotu ta wanke ka mana. Diepreye Alamieyeseigha yana gwamnan Bayelsa aka kama shi a Landan a 2005, aka ba shi beli, ya sulale ya dawo gida inda yake da rigar kariya. James Ibori, tsohon gwamnan Delta, ya gudu Dubai a 2010, aka kamo shi aka kai shi Ingila, ya amsa laifinsa da bakinsa aka ɗaure shi shekara 13 a 2012. Duk wanda kuka lissafo ƙarshe sai ka ga da gaske ya ci. Ku kira su ɓarayi kawai a huta.

Almajirin Zaure:
Alhaji, a yi hattara da wannan hukunci na bai ɗaya. Annabi Musa alaihis salam ya fita daga Masar yana tsoro yana waiwaye, bayan wani mutum ya zo da gaggawa ya gaya masa fadawan Fir'auna na shawarar kashe shi. Labarin na cikin Suratul Ƙasas. A idon fadar Fir'auna, wanda ake nema ruwa a jallo ne.

Sannan dubi sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha. Ƙuraishawa suka tura Amr bin As da Abdullahi bin Abi Rabi'a da kyaututtuka wurin Najjashi, suka ce wasu wawayen yaranmu ne suka bar addinin iyayensu suka gudo ƙasarka, ka ba mu su. Fadawansa da aka riga aka ba kyauta suka goyi baya. Najjashi ya ce ba zai miƙa mutanen da suka nemi mafakarsa ba sai ya ji ta bakinsu. Ja'afar bin Abi Ɗalib ya yi bayani, ya karanta ayoyi daga Suratu Maryam, sarki ya mayar wa 'yan aiken da kyautarsu. Da ya bi ƙa'idarka ta cewa duk wanda ya gudu mai laifi ne, da ya ɗaure su ya miƙa.

Ɗan Kwari:
Allah ya gafarta Malam, ai wannan daban. Kada a haɗa Annabawa da sahabbai da waɗanda suka cinye kuɗin tsofaffi 'yan fansho.

Almajirin Zaure:
Ban haɗa ba, Allah ya tsare ni. Kai ne ka haɗa su da ka ce duk wanda ya gudu. Abin da nake nufi, gudun kansa ba shaida ba ne. Sai an duba wa ke kora, kuma me aka yi.

Baba Mai Tarihi:
Yara, ku dawo gida ku ga abin a ƙasarmu. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, Baturen da aka ajiye a Keffi, ya hau doki ya yi Kano. Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga, wato Lugard, Baturen da ke jagorantar Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya sa wannan cikin hujjojinsa na kawo yaƙi, ya ce Kano ta ɓoye mai kisan kai da ya gudu. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, aka ci Kano. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya yi gabas da nufin hijira, jama'a suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa. A wurin Turawa sarki ne da aka ci da yaƙi ya tsere, ana bin sawunsa. A wurin waɗanda suka bi shi muhajiri ne. Suka cim masa a Burmi, ranar 27 ga Yuli, 1903, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, garin Maiurno da ke kusa da Sennar a bakin kogin Nilu sunansa ya ci, jikokinsu na nan har yau.

To, ɗalibi, in ka ɗauko takardar Bature ta wancan zamani ka ga fugitive a jikin sunan Attahiru, ka juya ta kai tsaye zuwa "mai laifin da ya tsere", ka ga ka ari bakin Lugga ka ci masa albasa ke nan.

Malam Ticha:
Baba, ko a can ƙasar masu harshen haka abin yake. A 1850 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira Fugitive Slave Act. Ta wajabta wa jihohin Arewa, inda babu bauta, su kama bawan da ya gudo su mayar wa mai shi. Wanda ya ɓoye shi ko ya taimaka masa, tarar dala 1,000 da ɗaurin wata 6. Jami'in da ke sauraron ƙarar kuma dala 10 ake biyansa in ya ce a mayar da mutum, dala 5 in ya sake shi. Harriet Tubman ta gudu daga Maryland a 1849, ta yi ta komawa tana fito da wasu, kusan mutum 70. A takardun lokacin fugitive ce. Yau makarantu da tituna ake sa wa sunanta. Kalmar tana gaya maka cewa doka na bin mutum, ba ta gaya maka dokar mai adalci ce ko azzaluma.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan da Faransanci muke fama, amma matsalar ɗaya ce. Maganar ɗalibi ta farko nake so in koma wa, ta ɗan gudun hijira. Ku zo Diffa ku ga sansanin Sayam Forage, ko ƙauyukan jihar Maraɗi inda mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo tun 2019 saboda 'yan bindiga. Mace da goyo, da tabarma a ka, da akuya ɗaya in ta yi sa'a. Waɗannan su ne 'yan gudun hijira. Babu alƙalin da ke nemansu. Ka ɗauki wannan suna ka ba wanda ya sauka a jirgi ya kama hayar bene a Dubai, wallahi an zalunce su.

Amma akwai masu wuyar sha'ani. Hama Amadou yana shugaban majalisar dokoki ya bar Nijar a watan Agusta 2014, bayan an buɗe hanyar tuhumarsa a shari'ar safarar jarirai. Ya bi ta Burkina Faso ya wuce Faransa. Gwamnati ta ce ya gudu wa shari'a, magoya bayansa suka ce bi ta da ƙulli ce don kada ya tsaya takara. Ya dawo a Nuwamba 2015, aka kama shi a filin jirgi aka kai shi gidan kaso na Filinge, daga can ya yi takarar 2016 ya zo na biyu. Har ya rasu a 2024 mutanen Nijar ba su haɗu a kan suna ɗaya ba.

Barista:
Doka ta yi ƙoƙarin ja layi a nan. Yarjejeniyar Geneva ta 1951 ta ce refugee shi ne wanda ya bar ƙasarsa saboda tsoro mai tushe na za a tsananta masa don launin fata, addini, ƙasa, ra'ayin siyasa ko kasancewarsa cikin wani rukunin jama'a. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 ta faɗaɗa ta haɗa da wanda yaƙi ko rikici ya kora. Asylum seeker kuwa wanda ya nemi mafaka ne ba a kai ga yanke masa hukunci ba. Kuma ita yarjejeniyar 1951 ta cire wanda akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa ya aikata laifin yaƙi, ko cin zarafin bil'adama, ko wani babban laifi da ba na siyasa ba. Saboda haka ƙasa za ta iya ba mutum masauki, amma hakan bai goge tuhumar da ke kansa ba.

Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya, ya zauna a Kalaba tun Agusta 2003 da izinin gwamnatin Obasanjo. Da aka fara maganar miƙa shi don a yi masa shari'ar laifukan yaƙi sai ya ɓace, ranar 29 ga Maris, 2006, aka tare shi a Gamborun Ngala yana shirin shiga Kamaru. A 2012 aka ɗaure shi shekara 50. Hissène Habré, tsohon shugaban Cadi, ya gudu Senegal a 1990, ya zauna fiye da shekara 20 lafiya lau, amma waɗanda aka azabtar a zamaninsa ba su daina bin maganar ba, har kotu ta musamman a Dakar ta yi masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu, 2016.

Ɗan Kwari:
To kun ga maganata. Rana dubu ta ɓarawo. Ina Umaru Dikko a wannan lissafi naku? Shi ma za ku ce muhajiri ne?

Baba Mai Tarihi:
Alhaji, wannan mun gani da idonmu a jaridun lokacin. Dikko ministan sufuri ne a gwamnatin Shagari, shi ke kula da kwamitin shigo da shinkafa. Da sojoji suka yi juyin mulki ranar 31 ga Disamba, 1983, ya fice ya koma Landan. Gwamnatin Buhari ta zarge shi da wawure dukiya mai yawa, shi kuma ya musanta. Ranar 5 ga Yuli, 1984, wasu suka sace shi a ƙofar gidansa, sakatariyarsa ta hango ta kira 'yan sanda. A filin jirgin Stansted jami'an kwastan suka buɗe wani akwatin katako da za a loda zuwa Legas, suka tarar da shi a sume, ga likita ɗan Isra'ila a tsugune kusa da shi yana kula da numfashinsa. Kotun Ingila ta ɗaure 'yan Isra'ila uku da ɗan Najeriya ɗaya. Gwamnatin Najeriya ta ce babu hannunta. Daga baya ta nemi a miƙo shi ta hanyar doka, Birtaniya ta ƙi.

Ka tuna kuma abin da ke jiransa a gida. Kotunan soja na musamman ne ke yi wa 'yan siyasa shari'a a lokacin, suna yanke shekara 21 zuwa sama, har ƙungiyar lauyoyi ta ƙaurace musu. Ni ban ce Dikko mai tsarki ne ba. Na ce dai har ya rasu a 2014 babu kotun da ta same shi da wannan laifi, kuma ya dawo ya zauna a taron tsara kundin mulki na 1994.

Ɗan Kwari:
Rashin hukunci ba wanki ba ne Baba. Da bai gudu ba ai da an yi shari'ar. Mu talakawa da muka yi layin shinkafa ba mu da Landan ɗin da za mu gudu.

'Yar Jarida:
A nan ina tare da Alhaji rabi. Gaskiya ne mai kuɗi ne ke iya gudu mai nisa, talaka ko an zalunce shi iyakarsa ƙauyen kakanninsa. Kuma gudun manya yana kashe shari'a, jama'a ba sa taɓa sanin gaskiya. Amma aikina ba yanke hukunci ba ne. In zan rubuta labarin Dikko cewa zan yi "tsohon ministan da gwamnatin soja ke nema bisa zargin almundahana". Na faɗi mai nema, na faɗi zargin, mai sauraro ya auna. Yakubu Gowon ma gwamnati ta neme shi bayan kisan Murtala a 1976, ta cire masa muƙaminsa na soja, Birtaniya ba ta miƙa shi ba. Ojukwu, jagoran Biyafara, ya tafi Kwaddibuwa a Janairu 1970, a ƙarshen yaƙin basasa. Shagari ya yi musu afuwa su biyun, Gowon a 1981, Ojukwu a 1982. Da wani ya rubuta "mai laifi" a jikin sunansu, da me zai goge?

Tsohon Soja:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki a tamu. A soja akwai bambanci tsakanin AWOL da deserter. Na farko ya bar wurin aiki ba izini, ko hutunsa ya ƙare bai dawo ba, amma da niyyar dawowa. Na biyu ya tafi da niyyar ba zai dawo ba, ko ya gudu don kauce wa fita yaƙi. Kotun soja niyyar take bincike, hukuncin kuma ba ɗaya ba ne.

Abin da ke min ciwo shi ne saurin da farar hula ke yi wajen cewa soja ya gudu. A watan Agusta 2014 sojojinmu kusan 480 suka tsallaka Kamaru bayan artabu da Boko Haram a yankin Gamboru. Jaridu suka ce sun tsere, hedkwatar tsaro ta ce dabarar yaƙi ce. Wanda bai taɓa jin bindigarsa ta yi ƙaras ba harsashi, ga motar abokan gaba na tahowa da babbar bindiga a kai, ba zai gane ba. A Disambar wannan shekarar kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan bore, su kuma suka ce makamai suka nema kafin su fita. A 2015 aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. Ingila ta harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 a yaƙin duniya na ɗaya kan gudu da tsoro da makamantansu, sai a 2006 ta yi musu afuwa, bayan an gane da yawansu firgicin yaƙi ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Akwai matsoracin da ke barin abokansa a rami ya gudu, wannan ba na kare shi, don na san abin da hakan ke jawo wa waɗanda aka bari. Amma kafin ka rubuta deserter ko ka fassara ta, jira kotun soja ta faɗa.

Malam Ticha:
Allah ya saka da alheri Oga, wannan bayani ba a samunsa a aji.

Ɗalibin Fassara:
Barista, tambaya ɗaya. In aka ce Interpol ta fitar da jar sanarwa a kan mutum, shi ke nan ko'ina aka gan shi za a kama shi a kawo?

Barista:
A'a. Interpol ba ta da 'yan sandan da ke kama mutane. Hedkwatarta na Lyon a Faransa, aikinta haɗa 'yan sandan ƙasashe. Jar sanarwa roƙo ne ga ƙasashe su gano mutum su tsare shi na wucin gadi, kowace ƙasa kuma da dokarta take aiki. Bayan an tsare shi sai a shiga shari'ar miƙawa, wadda Turawa ke kira extradition. A Najeriya Babban Lauyan Tarayya ne ke shigar da buƙatar gaban Babbar Kotun Tarayya, kuma doka ta hana miƙa mutum in laifin na siyasa ne, ko in an ga za a tsananta masa saboda addini ko ƙabila ko ra'ayi. Kada ka haɗa ta da deportation, wadda kora ce daga ƙasa, galibi kan matsalar takardun zama. Ta farko "miƙa wanda ake tuhuma ga ƙasar da ke nemansa", ta biyu "korar baƙo zuwa ƙasarsu".

Ga Alhaji kuma da ya ce gudu na kashe shari'a: dokar 2015 ta rage wannan. Sashe na 352 ya ba kotu damar ci gaba da sauraron shari'a a bayan idon wanda ya tsallake beli, in an ɗage zama ana jiransa bai zo ba kuma babu uzuri.

Ɗan Kwari:
Wannan ta yi min. Saura a riƙa aiki da ita a kan manya, ba a kan mai satar akuya kaɗai ba.

Maman Iman:
Barista yi haƙuri in dawo da kai baya. Har yanzu shari'ar yaron nan ba ta ƙare ba, kuma sunan maigidana na nan a takarda. Akwai hanyar da zai zare hannunsa, ko sai an gama?

Barista:
Akwai, Hajiya. Mai tsayawa na da damar neman kotu ta sauke masa nauyin a kowane lokaci. Ya rubuta buƙata ta hannun lauya ko ya miƙa wa magatakarda, ya bayyana cewa ba zai iya ci gaba da lamunin ba. Kotu za ta sa a kawo yaron, in ya bayyana sai ta sallami maigidanki, ta nemi yaron ya kawo wani mai tsaya masa. In bai samu ba za a tsare shi har ya samu. Ya yi hakan tun yaron na hannu, domin in ya sake ɓacewa kafin a sauke nauyin, kotu za ta nemi maigidanki ya kawo dalilin da zai hana a karɓe kuɗin da ya yi lamuni a kai. Kuma ranar da aka sallame shi kada ya bar harabar kotu sai ya karɓi takardar filinku da kwafin umarnin alƙali a rubuce.